Layin da bai fito a wayar Pakde ba

Wening ba ta da haƙuri da shafin da ba ya motsi. Na san haka tun da muka kama ɗan shago tare a bayan kasuwar garinmu Klaten, ita tana haɗa katin gayyatar biki na intanet, ni ina fama da masu biki da rigimarsu. Yanzu wa yake buga kati a nan? Adireshi ake turo maka a WhatsApp, ka danna, kiɗa ya tashi, furanni su riƙa zubowa daga saman waya, hoton amarya ya taso a hankali. Duk wannan zubowa da tasowa sai wani ya zauna ya rubuta wa shafin umarninsu layi-layi, kuma a unguwarmu Wening ce mai yi.

Ba a jami'a ta koya ba. A da a shagon fotokwafi take aiki, in babu kwastoma ta hau kwamfutar mai shagon tana kallon darasi, har hannunta ya faɗa. Ba ta da surutu. Shayinta mai zaƙi ya huce a gefe, soyayyen tempe na waken soya ya sandare a takarda, ita tana can tana gardama da fure ɗaya da ya ƙi juyawa yadda take so.

"Wening, wallahi babu mai lura da furen nan," nakan ce.

"Ni na lura, Mbak Tutik."

Mbak, wato yaya, haka take kirana. To, ka ji ta. Sau nawa na yi kamar in fizge wayar wutar in huta.

Da bikin ƙanwarta Lintang ya zo, sai abin ya zama ciwo. Mahaifinsu, Pak Darminto, makaɗin gamelan ne, kiɗanmu na gargajiya, ya rasu suna ƙanana, uwarsu Bu Sumarni ta sake aure ta dawo gari da su. Mijin, Pak Hartoyo, mutumin kirki ne, shi ya riƙe su. Amma waliyyin Lintang dai Pakde Sarjiman ne, wan mahaifinsu, wani manomin rogo a duwatsun Wonogiri. In bai zo ya ba da aure ba, Lintang ta rantse ba za ta yarda wani ya zauna a gurbinsa ba, sai dai a ɗaga.

Babba ba a gayyatarsa da waya kawai, wannan kowa ya sani. An dafa shinkafa da kaza an kai masa har gida a kwando, ya karɓa, ya ce in Allah ya yarda yana nan tafe. Bayan nan Wening ta gama katin ta watsa wa dangi. Daga ranar Pakde ya daina ɗaga waya. Can sai ga saƙo ta bakin wani mai kawo rogo kasuwa: wai su nemi wani waliyyin.

Gidan ya rikice. Bu Sumarni ta ce kazar ce ta yi ƙanƙanta, Lintang kuka kawai take yi. Ni kam raina ya ɓaci, na ce tsufa ai ba hauka ba ne, Wening ta ɗauko jakarta mu je mu ji daga bakinsa. Muka hau babur ɗina da sassafe.

Mun same shi a tsakar gida yana shanya rogo. Ya amsa gaisuwa, ya ba mu wuri a kan bencin gora, bai kalli Wening ba.

"Pakde, in laifi muka yi, a faɗa mana," ta ce.

Ya shiga ɗaki ya fito da wayarsa, tsohuwa, an ɗaure bayanta da roba. Ya buɗe katin ya miƙo mata.

"Karanta, Nduk, 'yata. Ke ce mai ilimin."

Na leƙa ta kafaɗarta. Ga sunan Lintang. A ƙasa an rubuta "'yar", sai fili fari fat, sannan "da Bu Sumarni". Can ƙasa cikin masu gayyata kuwa ga sunan Pak Hartoyo raɗau.

"Ni ban hana uwarku aure ba," in ji Pakde. "Amma ƙanena ya haife ku. In kuna jin kunyar makaɗi, ku bar shi ya kwanta lafiya, ni ma ku bar ni."

Wening ta buɗe jakarta. Ta ciro tata wayar, ta buɗe katin, ta ajiye kusa da tasa. A daidai wannan filin sunan ya fara bayyana a hankali da ruwan zinariya, Marigayi Pak Darminto, fure ɗaya ya sauko ya tsaya a kansa. Ni shaida ce, babu layin da ya ci mata lokaci kamar wannan. Ɓoye shi ta yi tukuna, ta rubuta umarnin da zai fito da shi daga baya, don ido ya tsaya a kansa shi kaɗai. Tsohuwar waya kuwa ta gane ɓoyewar, ba ta gane sabon umarnin fitowar ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Pakde ya daɗe yana kallon wayoyin biyu.

"Ya yi kyau," ya ce. "Sai dai wa zai gani? Duk ƙauyen nan irin tawa ce a hannunsu. Waɗanda suka yi kiɗa da shi, waɗanda suka ɗauki gawarsa, duk sun buɗe. Har gida suka zo suna tambayata."

Nan fa na gane. Baƙin birni da ba su san Darminto ba su suka ga zinariya, waɗanda suka san shi suka ga fili. Tausayin yarinyar nan ya kama ni.

Wening ta zaro kwamfutarta ta nufi gindin bishiyar da ke bakin hanya, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Ta goge zinariyar, ta goge furen, ta goge ɓoyewar. Ta dawo ta ce ya sake buɗewa. Sunan ya fito da baƙin rubutu, daidai da na kowa. Pakde ya ɗora yatsa a kai ya karanta a fili, sau biyu. Sai ya miƙe.

"Ina za ka, Pakde?" in ji Wening.

"Gidan tsoho Mbah Karso. Shi ya fara tambayata."

An ɗaura aure, Pakde ne ya bayar. Tun daga nan Wening ta canza hannu: sunaye tukuna a fili, ado daga baya, kuma akwai wata gajiyayyar waya a teburinta da kowane kati sai ya bi ta kanta kafin ya fita. Furanni dai ba ta daina ba, kada ma ka sa rai.

Katin biki muna sauke shi in an kwana biyu, don babu mai komawa. Na Lintang yana nan har yau, ga ta da goyo. Na taɓa ce wa Wening ta sauke shi mana. Ta juyo da allon ta nuna mini inda ake ganin masu shiga shafin. Mutum ɗaya ne, daga Wonogiri, kusan kowace Juma'a.