Na'urar Awo Ɗaya, Asibiti Biyu

Daga Kwararafa

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na fito ƙofar gidanmu a unguwar Kwararafa ta Jos sanye da rigar sanyi biyu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma yanzu aikina zagaya ƙananan asibitoci ina duba ingancin aikinsu da wata takardar tambayoyi. Malam Iliya, direban ofishinmu, bai iso ba sai bakwai saura, wai taya ce ta yi faci. Muka sayi ƙosai a unguwar Daɗin Kowa, 'yan sanda suka riƙe mu minti ashirin a shinge suna juya takardun mota.

Asibitin Farko

Takwas da kwata muka isa. Fentin bango ko bushewa bai yi ba, har ya ɓata min hijabi. Benci fes, babu kowa a kai.

"Ina marasa lafiya?" na tambayi shugaban wurin.

"Hajiya, mun ce su dawo gobe, kada su ɓata wurin."

Na nemi ganin kayan aiki. Ya nuna min na'urar awon hawan jini, an naɗe tiyonta da jan salatif. Na rubuta "akwai".

Asibiti na Biyu

Kilomita goma sha ɗaya ne, duk ramuka. A hanya wani babur ya wuce mu a guje, da kwali ɗaure a baya. Goma da rabi muka isa, na tarar da na'ura a kan tebur da jan salatif ɗinta. Na juya ga ma'aikaciyar jinyar wurin.

"Sista Rifkatu, wannan ai na gan ta ɗazu."

Ta sunkuyar da kai. "Tamu ce. Oga ya ce a ba su aro jiya, ki gani a can, ki gani a nan."

A benci akwai wata mai tsohon ciki, Talatu, tun bakwai take jiran awo. Ƙafafunta sun kumbura, tana dafe da kai. Da hannuna na auna ta. Jinin ya hau ƙwarai.

"Malam Iliya, tayar da mota!"

"Hajiya, ba a ba ni izinin ɗaukar mara lafiya ba."

"Ka ce ni na tilasta maka."

Komawa Jos

Sha biyu da kwata aka karɓe ta a babban asibiti. Ina tsaye a baranda ogana ya kira: "Na'ura akwai ko babu? Gurbi biyu ne kawai a takardar, ki cike ɗaya." Na juya bayan takardar na rubuta duk abin da idona ya gani.

Ana kiran magariba na shiga gida, ban ci komai ba tun ƙosan safe. Na gode wa Allah, bayan kwana biyu Talatu ta haifi 'ya mace lafiya. Na gode wa Sista Rifkatu da ta faɗi gaskiya alhali ta san za a iya sauya mata wurin aiki. Rahotona kuwa an dawo min da shi, wai na yi rubutu inda ba a ce a yi ba.