Hannun Usta Fathi da Dunƙulen Cikin Durowa

Shekara talatin da ɗaya Usta Fathi Abdul-Gawad ya yi yana narka ƙarfe a wani ɗakin binciken kimiyya a garin Halwan, kuma har yau bai gama gane abin da yake yi ba. Daktoci sun sha yi masa bayani. Wai idan narkakken ƙarfe ya huce a hankali, ƙwayoyinsa kan jeru kamar sahun sallah, amma idan aka sanyaya shi farat ɗaya sai su daskare a hargitse, shi ne gilashin ƙarfe. Usta, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a can, yakan gyaɗa kai, ya kurɓi shayinsa. Gilashin da ba a ganin komai ta cikinsa, wane irin gilashi ne?

Abu ɗaya ya sani: idan shi ya zuba narkakken ƙarfe, sandar gilashin ƙarfen kan fito sumul, kauri kamar ɗan yatsa. Idan wani ya zuba, da awo ɗaya da wuta ɗaya, sai ta fito da tsaki-tsaki ta karye. Tun daga nan ake cewa "hannun Fathi". Ba shi da digiri, ba shi da mota, wannan sunan kaɗai ya tara.

Saura wata guda ya yi ritaya, sai Dakta Nirmin Shaukat, shugabar ɗakin, wadda ke kiransa Ammu, wato baffa, ta tsare shi.

"Ammu Fathi, don girman Allah faɗa mini sirrin. Idan ka tafi mun shiga uku."

"Wallahi, Dakta, bisimilla nake yi."

"Ni ma ina yi! Ko tawa ba ta kai sama ne?"

Sai ta jawo kujera ta sa masa ido. Ta rubuta yadda yake tsayuwa, ta auna lokacin da yake kashe wuta, har tarinsa ta ƙirga. Ta zuba tata, ta karye. Shi kansa ya fara tsorata. Ya koma gida ya tambayi matarsa, Sitt Karima, ko ta taɓa lura da wani abu a hannunsa. Ta ce ta lura ba ya ɗaukar kwano ya kai kicin.

A rana ta tara Dakta ta ga ya buɗe durowa, ya goga magagarinsa a kan wani baƙin dunƙule sau uku, sannan ya kankare tsatsar ƙarafan da za a narka.

"Mene ne wannan?"

"Wannan? Ba komai. Usta Ramzi da ya koya mini aiki ne ya bar shi. Ya ce ana buɗe bakin magagari da shi."

Aka kai dunƙulen awo. Itiriyom ne, wani ƙarfe mai wuyar samu. Garinsa da ke maƙalewa a haƙoran magagari, wanda bai kai gishirin da ake barbaɗa wa wake ba, shi ke lashe iskar da ke sa ƙwayoyin ƙarfe jeruwa. Dakta ta yi ta murna kamar an yi mata haihuwa. Ta auna garin a sikeli, ta zuba da hannunta, sandar ta fito fes, har ta fi tasa kauri.

Usta ya taya ta tafi. Shekara talatin yana faɗa da ɗalibai kan tsabtar kayan aiki, ashe datti yake zubawa.

"Dakta, ni yanzu gwani ne ko ƙazami?"

"Haba, Ammu Fathi! Kai ka gano mana shi."

"Ni ban gano komai ba. Ke kika gano ni."

Ta yi dariya, ta zaci wasa yake.

Kwana ashirin suka rage masa. Kullum ya zo da sassafe, ya sa rigar aikinsa, ya zauna kusa da murhu yana sauraron takun ƙafa a baranda. Ana ta zuba sanduna a gabansa, duk suna fitowa lafiya. Ba wanda ya ƙara cewa a jira Usta.