Ranar da Taswira Ta Tura Mu Yi wa Rumbuna Allura

Shekarun baya, lokacin da nake jagorantar wata 'yar tawagar allurar ƙyanda a Karaye, aka kawo mana sabon tsari. Taswira ce da aka ɗauko hotonta daga sama, sai kuma waya da ake sakawa a jakar magani, tana nuna duk inda muka taka. Ogan da aka turo mana ya ja kunnenmu: duk wadda ta kauce daga layin da aka zana mata, to a bakin aikinta. Ni kuwa har da washe baki, wai na zama 'yar zamani.

Rana ta biyu taswira ta nuna mana wani ɗigo can wajen iyakar Rogo, an rubuta ƙauye. Ni da abokiyar aikina muka hau babur, muka sha rana da gargada. Da isarmu me za mu gani? Rumbuna! Rumbunan dawa da gero reras a bakin gona, kowanne da jinkarsa. Ashe daga sama jinkar rumbu da ta ɗaki duk ɗaya ne. Wallahi sai da na rafka sallama sau biyu kafin na gane wautata.

Wani dattijo da ke gyaran jinka ya leƙo, muka gaisa. Na ce, "Baba, yara muke nema, allurar ƙyanda muka kawo."

Ya ce, "Ayya 'yar nan, ai nan hatsi kawai muke ajiyewa don gudun gobara. Gari yana can bayan rafi, kuma ƙyandar ma ta riga ta shiga gida biyu."

Gidajen nasu na soro ne, rufin ƙasa, a ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, shi ya sa hoton sama bai gan su ba. Nan take na kira oga na yi masa bayani.

Ya ce, "Malama, ga shi ina kallo a kwamfuta, fili ne fetal. Ki cike takarda a kan ɗigonki, ki wuce na gaba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rumbu ba ya ƙyanda."

Ya ce, "Ki tsallake rafin nan ki gani." Ya kashe waya.

Abokiyar aikina ta riƙo hannuna. "Yaya, ki rufa mana asiri. Mu ajiye wayar nan a gindin rumbu, mu je mu yi musu mu dawo. Wa zai sani?"

Dabarar ta shige ni, ba zan yi ƙarya ba, don ina da bakunan da nake ciyarwa. Amma da na tuna cewa in muka bar wayar, zagaye na gaba ma rumbunan za a sake turo wa mutane, sai raina ya ɓaci. Na ce mata ta tsaya nan, laifin nawa ne ni kaɗai. Na rataya jaka da wayar a ciki, na tattare zani na tsallake rafi.

Babu gidan da ban shiga ba. Lungu-lungu na bi da gangan, har bakin rijiya da ƙofar masallaci, don wayar ta shaida. A ɗaya daga gidajen da cutar ta shiga na tarar da mata zaune ana karɓar gaisuwa, jiya aka rufe yarinyarsu. Uwar ta miƙo min ƙanin yarinyar, ta zare masa hannun riga. Na yi masa allurar.

Washegari aka karɓe min jaka. Ban ba da haƙuri ba, don ban ga abin da na yi ba. Daga baya na ji cewa masu gyaran taswira sun ga sawuna yana ta kewaye a inda aka ce fili ne, suka turo aka duba.

Har yau ba na gaba da taswira, tana da amfani ƙwarai. Abin da na ƙi shi ne mutum yana tsaye a gabana yana ce min ga 'ya'yansu can, a ce in gaskata kwamfuta in bar shi. Ba a mayar da ni aikin ba, kuma ko yau aka maimaita, rafin nan zan tsallake. Garin yana kan taswira yanzu, kuma da ƙafata na zana shi.