Rugar da ta fi kusa da katangarmu

Ni ba mai fita ba ce. Shekarun da muka yi a Birchi, bayan babban farin nan, ko kasuwar Kurfi ban cika zuwa ba. Amma in an gama girbi, Fulani suka shigo gonaki da shanu suna cin kara suna bar mana taki, daga tsakar gida nake sanin inda kowace ruga take. Yau suna nan, jibi sun matsa. Na nesa ba na wahalar da kunnena a kansu. Biyu nake bi: wadda ta fi kusa, da wadda ke neman karɓe mata kusancin. Da dakan matansu nake gane su, da kukan maruƙa lokacin tatsa.

Ina da saniya guda, gadon mahaifiyata. Wata safiya haihuwa ta zo mata da gardama, ƙafar ɗan guda ɗaya ta leƙo, shiru. Saniyar ta kwanta tana nishi. Maigidana, Malam, ya jawo keke zai tafi rugar hanyar Ɗantutture ya ɗauko wanda ya iya karɓar haihuwar shanu.

Na ce, "Malam, waɗannan sun ja baya. Ka bi bayan rafi, na wajen Kutawa sun matso."

Ya ce, "Ke da ko zaure ba ki leƙawa? Ranar kasuwa da idona na gan su."

"Ranar kasuwa ke nan. Tun shekaranjiya dakansu ke ƙanƙancewa. Na bayan rafi kuwa akwai wata mai daka da tafi, yau har tafin na ji."

Ya dube ni, ya dubi saniyar. Ya jingine keken, don hanyar rafi yashi ce, ya tafi da ƙafa yana ƙunƙuni.

Ban gama ɗumama ruwa ba sai ga shi da wani dattijon Bafulatani. Tsohon ya naɗe hannun riga, ya mayar da ƙafar ciki, ya juya, ya jawo maraƙa mace da ranta. Yana wanke hannu ya ce, "Inna, wa ya faɗa miki mun sauka? Jiya da la'asar muka kafa turke."

Malam ya riga ni. "Tana da rediyo a ka, ba ya cin batir."

Maraƙar nan ita ta haifi duk shanun da 'ya'yana suka tashi da nononsu. Malam kuma, duk rani, kafin ya taɓa keke sai ya tsaya bakin ɗakina ya ce, "Yau wa ke kusa?"