Gilasan Ƙanwata a Cikin Shanya

A duk unguwarmu ta Malali babu wanda ya kai ni sanin hadari. Tun gajimare na Zariya nake jiyo ƙanshinsa. Saboda haka da ƙanwata, mai karatun digiri na uku a kimiyyar sinadarai, ta nemi ajiye kayan bincikenta a tsakar gidana, sai na bugi ƙirji.

Ta zo da 'yan gilasai goma sha biyu, baƙaƙe wuluk, kowanne bai fi akwatin ashana ba.

"Yaya, baƙin nan shi ke shan rana ya ba da wuta. Ya fi farantin sola na kasuwa araha, amma rago ne, danshi kaɗan sai ya koma ruwan ɗorawa. Sama da ƙasansa akwai shafe siriri mai kwashe wutar zuwa waya."

"'Yan dako ke nan," na ce.

"To, shida ɗan dakonsu sinadari ne mai tsada. Shida kuwa haɗina ne, na tsatsar wani ƙarfe. So nake in ga wanda zai jure zaman waje. Da sakamakon zan tsaya gaban malamaina."

A waje na bar su kuwa. Amma wane mai hankali ne zai ga gabas ta yi baƙi ya bar shanya? Da iska ta taso, maiɗakina ta yi kan kuɓewa da barkono, ni in sunkuci gilasai, in goge su, in naɗe cikin babbar rigata ta Juma'a. Sati shida ina wannan hidima. Ko jariri bai ga gatan da suka gani ba.

Ranar da ta dawo ta auna su, duka sha biyun lafiya lau. Maimakon murna sai ta ɓata rai.

"Ba zai yiwu ba."

"A hannuna zai yiwu," na ce. "Ko ɗigo ɗaya bai taɓa su ba."

Sai ta zauna daɓas a kan turmi, ta dafe kai. "Innalillahi! Yaya, ai ruwan shi ne jarrabawar!"

Rabin damina ya wuce. In sauran ya kuɓuce mata, sai baɗi.

Muka mayar da su waje. Nan na ɗauki aiki mafi wuya a rayuwata: zama a baranda ina kallon ruwa na dukan amanar mutane. Ƙafafuna su miƙe da kansu, in danne su. Maƙwabciyarmu, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, ta leƙo ta katanga tana ihu: "Maigida, kayanku na jiƙewa!"

"Bar su, Malama, karatu suke!"

Kafin ruwan damina ya ɗauke, masu tsadar nan shida sun yi ɗorawa kamar ƙosan da ya ji manja. Nata kuwa biyar suna nan baƙi ƙirin, ɗaya ya ɗan canja a gefe. Ta auna sau uku, sannan ta kwashe su ta nufi makaranta ko sallama babu. Malaman sun amince. Har yau in an ce mata Dakta, ni ma sai in ɗan gyara zaman hula.