Igiya ta Uku a Gidanmu na Tamaske

Ina iya yin kuskure a wasu wurare, don ban wuce shekara tara ba a lokacin, kuma abin ya daɗe. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne, a kakar 1984, shekarar da hatsi ya ƙone a gona, na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na tarar da Inna tsaye a bakin turke, ba akuyarta. Baba ne ya kai ta kasuwa don ya sami kuɗin mota zuwa Abijan, bai shawarce ta ba, alhali gadonta ce. Magana ta yi zafi, har ya ce mata: "Tahi gidanku."

A garinmu ana cewa aure igiya uku gare shi. Daga baya, da na yi karatu, na fahimci kalmar saki daga nan take, wato kwance abin da aka ɗaure a bar shi ya tafi, kuma an ce mini ta Larabci ma haka asalinta yake, ko da yake ban isa in yanke hukunci ba. A ranar dai abin da na sani shi ne, igiya biyu sun riga sun tsinke, in wannan ta shiga lissafi babu kome.

Washegari aka zauna a zauren liman, ina raɓe a jikin Inna. Liman ya bayyana cewa Baba bai furta kalmar saki ba, don haka niyyarsa za a bi, in ya ce fushi ne kawai, aure na nan. Kawu, yayan Inna, ya yi dariya ya ce mai sayar da akuyar mace ai ba ya iya tsayawa kan maganarsa.

"Mi ka nuhwa?" liman ya tambayi Baba.

Baba ya dubi Inna, ya dubi Kawu, ya dubi mutanen da suka cika ƙofa.

"Abin da na hwaɗi, shi na nuhwa."

Da la'asar Inna ta sauke jeren kwanoninta, ni na riƙa miƙa mata faifan rufi.

Yau ina jin ana sakin aure ta waya, ba zaure ba taro, sai in rasa wanne ya fi ciwo. Idan akwai wanda ya zauna a zauren nan, ina roƙo ya gyara mini. Ni dai a tunanina Baba ya yi shiru mai tsawo kafin ya amsa, amma ina tsoron ko ni ce na tsawaita shi.