Ranar da Muka Farke Wayar Malam

Injin casar shinkafa ne ya cinye wa maigidana kunne. Shekara da shekaru yana tsaye a kansa a Kura, tun ana yi masa magana yana cewa "na'am?" har ya daina wahalar da kansa. Da ya koma noman rani sai ya samo dabara: duk abin da ka faɗa masa, ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla." Ni na san lagonsa, in dafa kafaɗarsa in zuba masa a kunnen hagu. Amma 'yarmu ta fari, wadda aure ya kai ƙasar waje, ba ta da kafaɗar dafawa. In ta kira, sai Malam ya kanga 'yar wayarsa a kunne ya yi ta "to madalla" har ta gaji ta ce a ba Umma. Ya miƙo mini yana tambayata da ido me ta ce. Abin nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Kwatsam sai ga waya ta aiko masa ta hannun wani mai dawowa gida. Faɗinta ya kai tafin hannu, sai sheƙi take. Ta ce wannan tana da murya, Baba zai ji. Ranar ko tuwo ban tuƙa da hankalina ba. Gida-gida na bi ina nuna ta, ina hana mutane taɓawa. Muka zare layin Malam muka sa mata, ta yi mana shiru, sai wani rubutu da ya fito. Maƙwabciyata malamar makaranta ta karanta, ta ce wai a kulle take, ba ta karɓar layin kowa sai na kamfaninsu na can.

Ikon Allah. A sayar maka da akuya, mai ita ya riƙe igiya, ya kuma ce ba za ta ci ciyawar garinku ba?

Washegari na yafa mayafi na nufi mai gyaran waya na bakin tasha, wani magidanci mai tabarau da ke zama ƙarƙashin lema. Ya jona ta da kwamfutarsa, kafin in gama gaisawa da mai ƙosai ta karɓi layi. Na dawo gida kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Na kira wayar da tawa don gwaji, muka yi ta danna maɓallin ƙara. Ta ɗaga, ta ɗaga, Malam ya fara karkato da kai, sai kawai ta rage kanta da kanta, wani rubutun ya sake fitowa. Malamar ta ce wai don kare kunnen mai ita ne. Na yi dariya har na zauna a kan turmi. Wane kunnen? Ai injin casa ya riga su.

Na koma wa mai gyara da zafina. Ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, akwai hanya, amma ki ji. Sai na goge abin da masu ita suka zuba mata na sa wani, sai kuma na farke bayanta. Na yi haka, sun cire hannunsu. Ta mutu, ta mutu a hannunki."

Na ce, "Malam, dā hannun nasu yana ina? Ka san injin ban-ruwan maigidana? A jikinsa an rubuta fetur kaɗai. Da fetur ya gagari talaka, shi da kansa ya kwance shi ya haɗa masa tukunyar gas ta girki. Ga shi can yana shayar da tumatir har yau. Ka ga wani ya zo daga ƙasar da aka ƙera shi ya ce don me? Kowa a layin gonakinmu haka ya yi. Abin da ya shigo gidana nawa ne. Farke ta."

Ya ce, "Ke kika faɗa."

Ya yi ta busa mata zafi kamar mai babbake kan rago har murfin ya saki. Da na ga 'yan hanjinta, sai na kau da kai ina salati. Ya laluba ƙarƙashin teburinsa ya jawo lasifika, irin wadda masu tallan magani ke ɗaurawa a kan mota, ya liƙa mata wayoyi biyu da wani ɗan akwati mai batir, ya naɗe duka da baƙin salatif. Wayar da ta zo tana sheƙi ta koma kamar wadda aka ɗora wa karaya. Ya ce bari a gwada, ya kira ta. Wallahi mai ƙosai sai da ta saki matsami, wani ɗan acaɓa ya taka birki yana waige-waige. Ni kuwa tafi nake yi a tsakiyar tasha, da girmana.

Ban iya jiran Malam ya dawo gida ba. Na rungumi lasifika kamar jaririya na tari a-daidaita ta hanyar Bunkure, na sauka na bi bakin kanal ɗin ban-ruwa da ƙafa, takalmi a hannu. Ranar ruwanmu ce, kuma a ranar ruwa ko gobara aka ce masa ana yi ba ya barin kan injin, don in lokacinka ya wuce sai wani zagayen. Na same shi cikin taɓo har gwiwa. Ya kalli abin da ke hannuna ya ce, "To madalla."

Na ɗora masa bakin lasifikar a kafaɗar hagu, na kira 'yarmu.

"Salamu alaikum. Baba?"

Tsuntsaye suka tashi daga cikin shinkafar maƙwabci. Masu tsinkar tumatir har gona ta uku suka miƙe, wani daga nesa ya amsa mata sallamar. Dariya ta kusa kayar da ni cikin taɓo. Sai na dubi Malam na ga bai motsa ba. Ya miƙa hannu a hankali ya kashe injin.

"Baba, kana ji na?"

Ya ce, "Ke ce?" Sannan ya ce, "Ashe muryarki ta girma."

Nan dariyar ta maƙale mini. Rabonsa da jin ta sosai tun tana 'yar makaranta mai kitso biyu. Duk shekarun nan muryar yarinya yake riƙe da ita.

Ya ce, "Sake magana."

Ta ce, "Me zan ce, Baba?" Ana jin kukanta har bakin kanal.

"Ko me. Faɗa mini abin da kika dafa yau."

Ta fara da albasa. Ruwanmu yana ta wucewa gonar gaba, ya tsaya da laka a ƙafa yana sauraron yadda aka soya miya.